Washegarin Buɗe Lambu

Tsohon tela ya iso ƙofar sabon lambun unguwa yana dogara sanda, ya tarar ana naɗe ciyawar kamar darduma.

Jiya aka buɗe wurin da tafi da dogon jawabi, a filin da aka sare tsamiyar da yake hutawa a gindinta. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, likita ya ce ya riƙa tattaki a inuwa kullum, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan.

Ma'aikata biyu suka rungumi wata bishiya suka ɗaga. Ta fito salin-alin, har da tukunyarta ta roba. Suka ɗora ta a bayan wata babbar mota da ke cike da bishiyoyi.

"Kai, ɗana, ina za ku kai ta?"

"Haya aka ɗauko su, Baba," in ji direban motar. "Gobe ana buɗe wani lambun a ƙetaren gada. Wannan da kake gani, sau shida manya suna dasa ta. Ta fi ni sanin gari."

"To mu fa?"

"Ku ai an ɗauke ku hoto. Allon sunan lambun ma naku ne, ba mai taɓa shi."

Motar ta fita a hankali, gudun kada rassa su karye. Tsohon ya dubi ramukan, ya dubi rana. Sai ya gyara riƙon sandarsa ya raɓi jikin motar, yana jan ƙafa cikin inuwar da ke tafiya, har bakin titi, inda direba ya ba ta wuta.