Zagaye Ɗaya Kafin Maƙabarta

Tun da aka shimfiɗa wa unguwar ofisoshi daɓen da ke mayar da takun ƙafa lantarkin na'urorin sanyaya ɗaki, doka ta ce kowace jana'iza ta bi ta can.

Da azahar muka ɗauko makarar Baba. Kafaɗata ta yi tsami, muna hango maƙabarta, sai mai gadin wani bene ya tare mu.

"Allah ya jiƙansa. Ku ƙara zagaye ɗaya, sanyin benen sama ya ragu."

Kawu Ɗanjuma ya share gumi. "Ɗana, gawa ba ta jira."

"Na sani, Alhaji. Haka aka yi da mahaifiyata."

Muka juya. Baba bai taɓa shiga benen nan ba, amma sai da ya sanyaya musu ɗaki kafin ya kwanta.