Kalar Goggo Tabawa

Tun da aka kawo injin girbi mai magana, aka hana kala a gonaki. Duk wanda aka kama yana tsintar ƙwaya, ya rasa rabonsa na shekara.

Ɗanjuma mai kula da injin yana sauya rariyar shinkafa da ta dawa, sai ga goggonsa Tabawa riƙe da ƙwarya.

"Ɗan nan, sassauta masa kaɗan. Jikokina da yunwa suka kwana."

Ya waiga, babu kowa. Ya sassauta noti ɗaya na rariyar. Da injin ya ci gaba da aiki, dawa ta fara zuba a bayansa, Goggo tana bi tana tsinta.

Sai injin ya tsaya cak, fitilarsa ta haske fuskarta.

"Ɗanjuma," injin ya ce a hankali, "yaya sunan wannan tsohuwar?"