Wushiryata Ta Cika Gari

Matata, Farfesa Rakiya, ita ta gano yadda ake gyara sikila tun ɗa yana ciki, ita da abokan aikinta na ƙasashe goma sha ɗaya. Gudummawata ɗaya ce: ranar da suke neman jinin lafiyayye, ni ne a kusa, ina gyangyaɗi a mota ina jiran ta tashi. Shekara ashirin da biyar ke nan. Yau rabin matasan garin nan wushiryata ce a bakinsu.

Shi ya sa ba a ɗaura aure sai da takardar ofishin tantance dangi. In ta fito ja, an fasa.

Da hantsi na raka 'yata Jummala da Mudi, wanda take so, zuwa ofishin. Yana cikin waɗanda aka yi wa gyaran. Tun da muka shiga bai yarda ya yi murmushi ba.

Ma'aikaciyar ta duba sunana, ta dube ni. "Baba, kai ne na ainihin?"

"Ni ne, 'yata. Yi haƙuri, iyakar kyan ke nan."

Ta yi dariya, ta rufe baki da hannu.

Takarda ta fito koriya. Ma'aikaciyar ta ce abin da Mudi ya ɗauka a jikina bai kai dangi ba. Nan ya durƙusa yana ta godiya, sai ka ce ni na yi karatun.

A hanya Jummala ta ce, "Baba, to 'ya'yanmu fa, wa za su aura?"

Na ce wannan sai uwarta ta dawo daga taro. Muka tsaya shan fura.