Saƙon da Aka Faɗa a Tsaye

Tanimu, tunda ka ce takardunka sun fito, tafiya ta tabbata, gyara zama in ba ka wani misali ka haɗa da guzurinka.

An yi wani mutumin Gumel, ma'aikacin jinya, da neman abinci ya kai shi wani ƙaramin gari a Turai, can gindin duwatsu, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata biyar a shekara. Shekara goma sha ɗaya ya yi ba mai ce masa ina kwana da Hausa. Da kaɗaici ya ishe shi, sai ya koyi wasan mutanen garin: a ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, a riƙe sanda a kowane hannu, a hau ƙololuwar dutse a zamo ƙasa a guje. Ya sha faɗuwa har ya ƙware, ya wayi gari ba shi da abin alfahari a duniya sai wannan zamiyar. Lokacin sanyi kuma shi ne kakar aikinsu a asibiti, don kullum sai an sauko da masu karaya, hutu ba ya samuwa sai da ƙyar kafin ƙanƙara ta narke.

Ana nan sai fatauci ya kawo abokansa biyu na ƙuruciya wani birni kusa da shi, suka ware kwana uku suka zo masa. Sun zo da ƙunshi daga mahaifiyarsa, sun kuma zo da magana: tsohuwa ta kwanta, jiki ya ƙi, kullum shi take tambaya. To ka san halinmu, irin wannan magana ba a yar da ita a bakin ƙofa. Sai an zauna, an ci an sha, mai gida ya sake tambaya a natse yadda aka baro mutanen gida, sannan a warware ta sannu a hankali. Gogan naka kuwa murna ta hana shi zama. Tun a mota ya jefa musu tambayar gida, suka ce lafiya lau kamar yadda aka saba, ya ɗora ƙunshin a kan firji ko kwancewa bai yi ba. Ya riga ya ɗauki ɗabi'ar mutanen can, waɗanda karrama baƙo a wurinsu shi ne a cika masa yini da zirga-zirga.

Tun da sassafe yake tashinsu, ya aro musu takalma da katakai, su hau kujerun nan da ke rataye a waya har saman dutse. Ka ga magidanta masu furfura suna birgima cikin ƙanƙara kamar buhunan gero da suka suɓuce daga amalanke, shi kuwa yana can gaba yana ɗaga musu sanda. Sau biyu babban cikinsu ya nemi a ɗan zauna a yi hira, ya ce hira ai ba ta ƙarewa, rana kuwa a nan tun la'asar take faɗuwa. In sun sauko, ya tura musu abinci ya ruga wurin aiki. Su kuma nauyin baki ya hana su tare shi a tsaye. Haka kwana uku suka tafi a banza.

Sai a tashar jirgin ƙasa, ƙofa na shirin rufewa, babban ya riƙe hannunsa ya ce, "Mun zo da maganar Inna, ba mu same ka a zaune ba. Jikinta ba daɗi. Ka zo gida."

Jirgi ya tashi, amma kafin ya kai mota ya lallashi kansa. Ya ce da abin ya yi tsanani, ai da sun zaunar da shi, ba a faɗar babbar magana a tsaye. Abin da ya rage masa na al'adar gida ke nan, daidai wanda zai yaudare shi, don bai tuna cewa shi ne ya hana zaman ba. Ya buga waya, ƙanwarsa ta ce da sauƙi, wa zai tayar da hankalin na nesa? Sai ya yanke shawarar jiran mako shida, ƙanƙara ta narke ya samu hutu. A mako na huɗu tsohuwa ta cika, kafin ya fito daga ɗakin marasa lafiya ya duba wayarsa har an dawo daga maƙabarta. Ranar ce ya sauko da ƙunshin. Kuka ce da daddawa da kilishi, a ƙarƙashinsu kuma carbin mahaifinsa, wanda shekara ashirin tsohuwa ba ta taɓa rabuwa da shi ba. Ashe sallama ta aiko masa, ta yi wata guda a kan firji.

Ya isa Gumel bayan addu'ar bakwai. 'Yan uwansa na zaune a tabarma, aka kawo masa kujerar roba da ruwan gora. Masu ta'aziyya suna wuce shi su miƙa wa ƙanensa hannu, wata tsohuwa har ta tambaya baƙon wa ne wannan. Yanzu da ya zo zama, babu sauran maganar da za a zaunar da shi a faɗa masa. Bai cika kwana goma ba ya koma gindin dutsensa, don ba shi da wani wurin. An ce har yau yana hawa yana zamowa shi kaɗai, ba wai don yana jin daɗi ba, sai don gidan nasa ba ya zaunuwa.

Ni ban ce kada ka tafi ba, Tanimu. Amma ka riƙe abin da Hausawa suka faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.