Ranar da Na Gode wa Masu Ɗauke Wuta

Sai da na danna Enter na lura da sunan sabar, wato kwamfutar nesa da muke ajiye bayanai a kanta ta intanet. Ba ta gwaji ba ce, babbar ce, mai ɗauke da sakamakon ɗalibanmu kaf. Kuma rm -rf na aika mata, umarnin share komai.

"Wayyo, na kashe kaina!"

Abokiyar aikina ta ci gaba da fifita. "Oga, da wane intanet? Tun kana rubutu aka ɗauke wuta."

Na ɗaga kai. Fanka a tsaye, rawuta mai ba mu intanet a mace, kwamfutata kaɗai ke kan batir. Umarnin bai bar ɗakin ba! Na yi wuf na kashe kwamfutar.

Ni mai tsine wa masu ɗauke wuta kullum, ga ni ina tiƙar rawa cikin zafin Minna: "Allah ya yi muku albarka!"