Jinin Maman Ngozi

Ina 'yar shekara tara Inna ta zubar da jini wajen haihuwa, bayan yaƙin basasa da kaɗan. Muna zaune a barandar asibiti da la'asar, likita ya ce wa Baba, "Irin jininta gadonsa ake yi, kuma yana da wuyar samu. In muka ƙara mata wanda bai dace ba, zai kashe ta."

Aka gwada Baba da kawunnaina, babu wanda ya dace, sai Maman Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da manja a Tudun Wada. Ta fito daga ɗakin ɗibar jini tana danne hannunta da auduga. Na miƙe a gaban kowa na ce, "Kada a sa wa Innata jinin arna!"

Baba ya ɗaga hannu zai mare ni, ta riƙe shi. Audugar ta faɗi, jini ya gangaro mata.

Ta ce, "Bar ta, Malam. Tsoro take ji."

Inna ta rayu har ta goya jikokinta. Ni kuwa har Maman Ngozi ta rasu ban iya ba ta haƙuri ba.