Wa Ya Koya Maka Ci da Hannu?

Ma'aikacin gidan abincin ya shimfiɗa musu ganyen ayaba, ya zuba shinkafa da miyar kifi. Thilaga za ta ce a kawo wa Wai Kit cokali, kamar kullum in sun zo unguwar Brickfields, sai ta ga har ya tsoma yatsu.

Ta zuba masa ido. Ya cakuɗa, ya dunƙula loma, ya tura baki da babban yatsa, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Ɗan gidan Sinawan da ko cinyar kaza da tsinken cin abinci yake ɗauka!

"Wa ya koya maka?"

"Thila, ranar Lahadi zan je gaban babanki neman aurenki. A gidanku da hannu ake ci, ba na so in kunyata ki."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Komathi ce."

Komathi, 'yar ƙanwar babarta, mai fari da ido. Thilaga ta san ba da baki ake koyar da wannan abu ba, sai an kama yatsun mutum an lanƙwasa su.

"Ta riƙe maka hannu?"

Kunnuwansa suka yi ja.

Ta kira ma'aikacin. "Yaya, haɗo mana da cokali." Sannan ta dubi Wai Kit. "Tashi ka wanke hannun nan, da sabulu. Kafin Lahadi ni zan koya maka, daga farko."